Fuskar da Ba Mu Kalla Ba

Shekarar da soja suka koma bariki aka ce mu zaɓi shugabanninmu da kanmu, babu wanda ya mori mulkin farar hula a duk Kakuri, nan Kaduna, kamar ni. Ni mai zanen alluna ne. Kafin nan abincina kawunan samari ne a ƙofar shagon aski, da kaza mai murmushi a bangon gidan abinci, da zaki a bayan tirela. Sai ga siyasa ta sauko mana kamar ruwan Agusta. Duk wanda ya mallaki babbar riga ɗaya da surukin da ya taɓa zuwa Legas sai ya ce zai tsaya takarar kansila, kowanne kuma yana son fuskarsa a jikin ƙyalle, a ɗaura daga wannan falwaya zuwa waccan. Na zana 'yan takara har hannuna ya koyi aikin ba tare da ni ba. Ina cin tuwo da dama, hagu tana zana kumatu. Mutum zai zo mini a rame kamar karan dawa, ya tafi da kunci biyu kamar an cusa masa ƙosai, da haƙora farare tas waɗanda ko uwar da ta haife shi ba ta san yana da su ba. Matata ta rantse cewa ko gyangyaɗi nake yi yatsuna ba sa tsayawa, sai na ɗora wa filo hula.

Irin wannan hannun ne aka kawo wa aikin Baba.

Baba wani dattijo ne, mai bishara da ya yi ritaya, mutumin ƙauyukanmu na kudancin jiha. Ya daɗe yana zaune a gidan haya can gefen Tudun Wada, ƙetaren kogi. Wa'azi ba nasa ba ne, don in ya tsaya gaban jama'a muryarsa a bencin farko take gajiya ta zauna. Rubutu ne nasa. Ƙananan littattafai yake yi da Hausa, sirara, a takarda mai arha wadda in ka juya shafi da zafin nama sai ta biyo hannunka. Yana rubutu a kan haƙuri, da addu'a, da yadda mutum zai zauna da baƙin cikinsa ba tare da ya zagi Mahaliccinsa ba. A ƙofar coci ake sayar da su, kusa da mai gyaɗa.

Lokacin da 'yarmu ta fari ta rasu, fastoci sun zo, dangi sun zo, kowa ya auna mini ayoyi kamar mai awon hatsi, babu ƙwayar da ta shiga. Ni da ake kora daga bencin coci saboda sa mutane dariya, na koma ko gaisuwa ba na amsawa. Wani ɗan littafin Baba ne da matata ta ajiye a kan rediyo ya hana ni bin titi. Bai hana ni kuka ba, bai kuma yi mini alkawarin komai ba. Karanta shi kamar wani ne ya zo ya zauna kusa da kai a kan dakali, ya yi shiru tare da kai har rana ta yi sanyi.

Daga nan na nemi gidansa. Shekara da shekaru ina hawa bas ran Lahadi da yamma in haye gada. Zan tarar da shi a kan kujerar katako a gindin mangwaro, ɗan teburi a gabansa, da alƙalami irin na da wanda ake tsomawa a kwalbar tawada. In durƙusa in gaishe shi, in zauna a tabarma wajen ƙafafunsa, in buɗe masa famfon surutu. Yana son shiriritata. In na ce masa na ga ɓera a Kakuri ya ɗauki buhun masara a ka, sai ya tambaye ni a natse ko ɓeran ya sami mai sauke masa. Dariyarsa ba ta fitowa waje, a ƙirji take tsayawa tana motsi kamar tukunyar da ta fara tafasa.

Sai rigimar nan ta zo wadda ta raba garin biyu, kogi ya zama iyaka. Ba zan ba da labarinta ba. Duk wanda ya zauna a Kaduna a lokacin yana da nasa, kuma babu mai daɗin ji. Na can suka kwaso zuwa nan, na nan suka kwashe zuwa can, katifa a ka, ana wuce juna a kan gada babu sannu. Gidan da Baba ke haya ya ƙone da duk abin da ke ciki. Shi da matarsa, wadda muke kira Mama, suka fito da kayan jikinsu, coci ta sama musu ɗaki ɗaya a unguwar Romi, ɓangarenmu na kogi, bayan garejin wani makanike. Ya sayi sabuwar kwalbar tawada da alƙalami, amma da wuya ka gan shi ya tsoma. Kafin a yanke dawa ya kwanta, bai tashi ba.

Da shekara ta kusa zagayowa Mama ta aika a kira ni. Na same ta a ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa, ƙarar guduma daga gareji tana sa tsaba tsalle a faranti. Ta gaya mini cewa bayan addu'ar cikar shekara ƙanenta zai zo ya tafi da ita ƙauye, tunda Allah bai bar musu ɗa ba, kuma ba ta jin za ta sake ganin Kaduna. Hoton Baba guda ɗaya ne a duniya, na ranar aurensu, wuta ta cinye shi. Matan zumuntar coci sun zazzage kowane kundin hotuna a unguwa. Sun sami kafaɗarsa a hoton wani baftisma, sun sami hannunsa riƙe da lema a kan wani fasto, shi ke nan. Baba in ya ga mai hoto, sai ya tuna akwai benci da ke bukatar ɗauka.

Ta shiga ɗaki ta fito da kwalbar tawadar nan, saura kamar rabi, ta sa mini a hannu.

"Ɗana, ko a mafarki bayansa nake gani, yana tafiya. Ina so in tafi da fuskarsa. Ka zana mini shi da abinsa."

Dattawan coci ma, in ji ta, suna son a sa hoton a bangon takardar tsarin sujada.

Ni kuwa bakina ya riga hankalina, kamar kullum. Na ce mata wannan ai shan ruwa ne. Na ce mutumin da na zauna gabansa har tabarmarsa ta san nauyina, ko an ɗaure mini ido an juya ni sau bakwai zan zana shi, ya fito har sai ya nemi a ba shi kunu. Ta yi ɗan murmushi, ta koma kan shinkafarta.

Washegari da safe na share teburin shago, na kori fenti gefe, na shimfiɗa farin kwali. Na ɓoye tawadar Baba a kan kanta, na ce sai hannu ya faɗa tukuna. Da fensir zan fara. Hula ta zo nan take, farar nan mai lanƙwasa a gefe ɗaya. Wuyan riga ya zo. Kafaɗu suka zo, ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka. Don nishaɗi har na gangara ƙasan kwalin na zana ƙafafunsa, da takalmin taya, da farcen babban yatsa wanda ya tsage biyu, da kaushin dunduniya layi-layi. Na zana hannunsa da tabon tawada a yatsan tsakiya. Wallahi da ƙafa ake gane mutum, da na gama aikin kafin shayina ya huce.

Sai na dawo tsakanin hula da wuyan riga. Fensir ya tsaya.

Na rufe ido na kira shi. Mangwaro ya zo, teburi ya zo, muryar ta zo. Inda fuska ya kamata ta kasance sai wani ɗan duhu mai laushi, kamar abin da kake gani ta wutsiyar ido. Na tashi na zaga shago, na sha ruwa, na dawo. Duhun nan yana nan. A hankali abin ya sauko mini: ban taɓa kallon fuskar Baba ba.

A gidanmu, yaro ya ɗaga ido ya zuba wa babba, marin da zai sha sai ya ji ƙarar jirgin ƙasa a kunne har mako ya zagayo. Da haka aka raine mu. Gwargwadon girman mutum a zuciyarka, gwargwadon yadda idonka ke neman ƙasa. Baba kuwa a wurina babu wanda ya kai shi. Ina ba shi labarin ɓera, amma ƙafarsa nake ba wa. In ma na saci kallo, kansa na sunkuye a kan takarda, hula kawai nake samu. Ranar jana'iza an buɗe akwati mutane suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Na wuce ni ma. Na ga farin ƙyalle, na ga hannuwa a harɗe, daga nan ruwa ya rufe mini ido.

Na ce to, bari in saki hannu, wataƙila shi ya adana abin da kai ya zubar. Na sake shi. Ya ruga kamar akuyar da ta tsinke igiya, kafin in ankara ga kumatu, ga haƙora, ga murmushin mutumin da zai gina mana asibiti a kowane lungu. Matata ta kawo mini abinci ta leƙa, ta tambaye ni wace jam'iyya ce Baba ya shiga bayan rasuwarsa. Na goge. Na sake. Wannan karon ciyaman ya fito. Na ci kwali a makon nan har mai sayar da takarda ya fara gaishe ni da "ranka ya daɗe".

Da na ga ba ni da shi, sai na shiga nemansa a wurin mutane. Na je wa dattawan coci ɗaya-ɗaya da fensir a kunne. Wani ya ce dogon hanci gare shi. Wani ya ce sam, gajere ne mai faɗi, shi da ya yi aikin bishara tare da shi tun suna samari. Da na matsa masa sai ya ce shi dai ya san tarinsa, ko cikin taron dubu Baba ya yi tari zai nuna shi. Fasto ya ce fuska ce mai salama. Na ce ranka ya daɗe, salama tana da gira mai kauri ne ko siririya? Bai yi dariya ba. Wata tsohuwa ta ce haske ne kawai, in ya shigo wuri sai ka ji kamar an buɗe taga. Kowa ya ba ni abin da ba ya hawa kwali.

Na tuna da makaniken gareji, mutumin gabas ne, su kuwa cikin ido suke kallon mutum ko sarki ne. Na same shi a ƙarƙashin wata mota, ƙafafu kawai a waje. Ya fito yana goge hannu, ya ce ƙwarai ya kalli Baba sosai, kullum da safe suna gaisawa. Na gyara fensir. Ya yi tunani, ya yi tunani, ya ce baba ne dai irin babannin Arewa, baƙi, tsoho, ba ya faɗa. Ya ƙara da cewa in mota ce da ya gaya mini har lambar inji.

Na koma wurin Mama, na zauna a ƙasa, na tambaye ta kai tsaye. Na ce ita da ta zauna da shi tun tana budurwa, ta gaya mini yadda idonsa yake. Sai tsohuwar nan ta ja gefen zane ta rufe baki, kunya ta kama ta kamar amaryar jiya. Ta ce ita da ko sunansa ba ta taɓa faɗa ba, ina za ta tsaya ta ƙura masa ido? In ta kawo abinci durƙusawa take ta ajiye, hannunsa take kallo ta san ko miya ta yi. Hoton auren ma a ƙasan akwati yake, ba ta cika ɗaukowa ba, don tana ganin mai shi yana nan. Abin da ta tabbatar shi ne yana da tsage irin na mutanensu, sirara, a kumatu biyu. Guda nawa, ba ta ƙirga ba.

Guduma na ta bugawa. Can ta ce akwai mutum ɗaya da ya taɓa riƙe haɓar Baba da hannunsa, wanzamin da ke zuwa a keke daga cikin Tudun Wada yana yi masa aski a gindin mangwaro. Tun ranar da suka gudo ba ta sake jin labarinsa ba.

Ni ma tun ranar ban sake haye gada ba. Matata ta ce in na je kada in dawo mata a cikin labarin rediyo. Na ce mata ni da na taɓa kokawa da kada a wannan kogin har ya roƙe ni gafara, gada ce za ta ba ni tsoro? Na sa hula, na hau bas. Muna hawa gadar kadan nan ya rama, don na ƙanƙame kujerar gaba har matar da ke kusa da ni ta matsa. Babu mai magana a motar. Kowa ya zuba ido a kan ruwa kamar an ce kuɗinsa ya faɗa ciki.

Layin su Baba na nan, amma sai da na wuce gidan na dawo. Bango huɗu baƙi ƙirin babu rufi, ciyawa ta fito a inda gado yake. Mangwaron rabinsa ya bushe, rabin yana ta fure abinsa. Na tambayi wata mai sayar da waina inda wanzami mai keke yake, ta dube ni daga hula zuwa takalmi kafin ta nuna mini wata rumfa kusa da masallaci.

Yana tsaye a kan wani mutum, ya aske masa rabin kai. Ya tsufa fiye da lokacin da nake tarar da shi a gidan Baba. Yana ɗagowa ya gane ni, fuskarsa ta washe.

"A'a, mai surutu! Kana raye? Ina Malam? Ina kuka kai mini shi?"

Malam yake kiran Baba. Duk hanyar nan ban taɓa kawowa a raina cewa bai sani ba. Wa zai gaya masa? Labarin mutuwa ma ya daina haye gada. Na tsaya da baki buɗe, ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba, har ya karanta a jikina. Ya ninke askar a hankali ya sa a zabira. Ya yi salati ƙasa-ƙasa, ya zauna a benci kusa da mai rabin kai. Ya ce ya yi ta zuwa kangon nan yana tambaya, aka ce sun tsira sun haye, sai ya sa a ransa wata rana ƙura za ta lafa ya ɗauki keke ya bi su. Har sabuwar aska ya ajiye.

Da ya gama da mutumin na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya ce shi zanen mutum ba abin da malamansa ke so ba ne, amma matar Malam ba za ta roƙi abu ya hana ba. Ya ce in zauna. Ya cire mini hula, ya tsaya a bayana, ya rufe ido ya kama kaina da hannu biyu kamar mai zaɓen kankana. Yatsunsa suka yi ta yawo. Ya ce nan, a ƙeya, Malam yana da ɗan tudu. Kunnensa na hagu ya fi na dama buɗewa. Goshinsa ya fi nawa tsawo da kamar yatsa biyu. Ya zagayo ya kama haɓata, ya ce ta Malam tana da rami a tsakiya inda aska ke wahala. Ina ta rubutawa a gwiwa, raina ya fara dawowa.

Na ce to idanu fa, da baki?

Ya sake ni. Ya ce in yana gyara masa fuska Malam rufe ido yake yi, shi kuma gashi yake bi. Bakin kuma kullum cikin kumfa yake.

"Kuma malami ne fa. Don ina riƙe da haɓarsa sai in zura masa ido?"

Na tambayi tsage. Ya ce a gefen ido suke, wajen kunne, babu komai a kumatu. Da akwai da askarsa ta sani. Na ce matarsa ta ce a kumatu. Ya ce to ita ta fi shi sani. Amma bai yarda ba, na gani.

Ya hana ni tafiya sai ya yi mini aski. Ya ciro sabuwar askar nan daga takardarta. Ban nema ba, ban kuma iya cewa a'a ba. Na zauna a rumfar nan yana kankare mini kai, wani abu mai ɗumi yana ɗiga mini a ƙeya wanda ba ruwan kwano ba ne. Na koma gida ƙwal kamar ƙwai. Matata ta buɗe baki za ta yi tsiya, ta dubi fuskata, ta rufe.

Ranar addu'a ta matso, mai buga takarda yana ta aike. Wata safiya na rufe ƙofar shago ta ciki, na buɗe taga, na sauko da kwalbar Baba. Tawadar ta yi kauri, na ɗiga mata ruwa kaɗan na motsa da tsinke. Fenti yana da mutunci, in ka yi kuskure ka bari ya bushe ka shafe. Tawada ba ta san wannan ba. Abin da ka sa ya zauna, kuma abin da ke cikin kwalbar ba zai kai kwali biyu ba.

Na fara da abin da na tabbatar. Hula ni na san ta. Goshi da kunne da haɓa na wanzami ne, na sa su yadda yatsunsa suka faɗa. Tsage na tsaya a kai har tawada ta bushe a bakin alƙalami; daga baya na sa su a kumatu, don Mama ce za ta zauna da su. Hanci na raba gardamar dattawa, na yi shi tsaka-tsaki, wanda ke nufin ba na kowa ba ne. Wajen baki sai da na riƙe wuyan hannuna na dama da na hagu, don yana ta fizgewa zai yi wa jama'a alkawari. Na samu na rufe leɓunan.

Saura idanu. Na so in yi su a sunkuye, yana kallon takarda, don wannan ne gaskiyar da na sani. Na gwada da fensir a gefe, sai ya fito kamar gawa. Kuma ba wannan Mama ta roƙa ba. Na tsoma alƙalami a ɗan abin da ya rage, na buɗe masa ido biyu. Ban san inda na samo su ba. Ba na mahaifina ba ne, ba na wani da na sani ba.

Na ja baya na duba. Wani dattijo ne kyakkyawa, mai kamala, mai sanyin kallo, irin wanda za ka ba ajiya ka yi tafiya. A duk rayuwata ban yi aiki mai kyau kamarsa ba. Na yi masa sallama a raina, bai amsa da muryar Baba ba. Ban san shi ba.

Na sa shi a firam da gilashi, na naɗe a jarida na kai Romi. Kayan Mama an riga an ɗaure su a buhuna a gefen ɗaki. Kafin in buɗe na durƙusa na gaya mata gaskiya, babu ƙari ko ɗaya, abin da ban saba ba. Na ce kunnen nasa ne, haɓar tasa ce, hular tasa ce, sauran kuwa ni na ƙaga, don na nema ban samu ba. Na ce in ta ga ba shi ba ne ta faɗa, in kai wa dattawa haƙuri a buga takarda da gicciye kawai.

Ta goge hannu a zane, ta karɓa. Da farko ta ɗora shi a cinya tana kallon gefe, tana satar kallo kamar yadda ta saba. Sai a hankali ta ɗago shi daidai fuskarta. Ta zuba masa ido. Ban taɓa ganin an kalli abu haka ba. Ta bi goshin, ta bi tsagen, ta tsaya a idanun nan da na ƙaga, ta daɗe.

"Ashe haka yake," in ji ta.

Na ce Mama, ban tabbata ba fa. Na sake maimaita mata abin da na faɗa.

Ba ta ko juyo ba. Ta ce ni ne mai zane, ni na sani. Ta sa bakin zane ta share gilashin inda numfashinta ya taɓa, ta yi 'yar dariya mai haɗe da hawaye, ta ce ashe kyakkyawa aka ba ta, ba wanda ya gaya mata.

Ranar addu'a coci ta cika har waje. Baƙon nan yana hannun kowa, a bangon takarda, wasu suna fifita da shi. Dattijon da ya ce dogon hanci da wanda ya ce gajere suka zo tare suka kama hannuna, suka ce shi ne sak, kamar ya yi magana. Fasto ya yabe ni daga kan mumbari. Mata suka yi guɗa. Na nemi mutum ɗaya a cikin taron nan da zai ɓata fuska ya ce wannan ba Baba ba ne, da na rungume shi. Ban samu ba. Na zauna a bencin baya, na kusa da ni yana ta zungurata yana jiran in faɗi abin dariya.

Da aka watse ƙanen Mama ya kawo mota ƙofar gareji. Aka loda buhuna da tukwane, aka ɗaure katifa a sama. Ya miƙa hannu zai sa firam ɗin a but ɗin mota tsakanin kaya, ta hana. Ta shiga gaba ta zauna, ta ɗora shi a cinya yana fuskantarta, ta dafe gilashin da tafin hannu saboda ramukan hanya. Direban, wanda haya aka ɗauko shi bai san kowa ba, ya leƙo ya tambaya ko wane ne wannan.

"Maigidana ne," in ji Mama.

Direba ya ce Allah ya jiƙansa, da gani mutumin kirki ne. Ya tayar da mota. Na ɗaga mata hannu, amma ba ta gan ni ba, kanta na sunkuye tana kallonsa.